Auren da aka ɗaura a Tawa ango yana Otawa: yadda dosiyen biza ɗaya ya haɗu

Wannan bayanin lamarin ɗiyar yayata ne da mijinta, tun daga ɗaurin aurensu a Tawa har ranar da hukumar shige da fice ta Kanada, wadda ake kira IRCC, ta aiko a kai fasfonta a buga biza. Da yardarsu nake rubutawa, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba. Abin da ya fi cin musu lokaci da kuɗi shi ne yadda muke ɗaura aure a ƙasar Adar, yadda iyaye da kakanni suka ɗaura. A wajenmu babu aibi a cikinsa ko kaɗan, amma dokar Kanada ba ta lissafa shi cikin auren da miji zai kawo matarsa da shi.

Ita malamar firamare ce. Shi ɗan dangin babanta ne, unguwa ɗaya suka tashi. Karatu ya kai shi Kanada, ya gama ya samu aiki a Otawa, a farkon 2023 kuma aka ba shi zaman dindindin. Manya suka sa ranar aure cikin watan Agusta na shekarar, ya karɓi hutu, ya yanki tikiti. Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi ranar 30 ga wata, ranar 6 ga Agusta aka rufe sararin samaniyar ƙasa, ba a buɗe shi ba sai 4 ga Satumba. Hutun ango ya ƙare bai taso ba. A nan gida kuwa an raba goro, an kai kaya, an gaya wa dangin Abijan da na Agadas. Manya suka ce ai zaman ango a wurin ba sharaɗi ba ne, wakili ya isa. Ƙanen babansa ya karɓa masa, waliyyinta ya bayar, aka biya sadaki, liman ya shafa fatiha. Ango yana saurare ta wayar wani abokinsa.

Ba wanda ya kawo komi a ransa sai da ya zauna zai fara cike takardun ɗaukar nauyinta. A littafin jagora na IRCC ya ci karo da sharaɗin: tun watan Yunin 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakili, ko ta waya, ko ta intanet, matuƙar ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin da jikinsa. Ko auren halattacce ne a ƙasar da aka ɗaura shi, ba a sa matar cikin rukunin iyali. Sojojin Kanada da aiki ya hana su halarta kaɗai aka keɓe. A lokacin ne kuma aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun wanda za a ɗauki nauyinsa a matsayin miji ko mata daga 16 zuwa 18. An yi dokar ne don tare auren dole, kuma ban ga laifin wannan niyya ba. Sai dai duk wanda ya san garinmu ya san ko ango yana gari, amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure. Tana ɗaki da ƙawayenta, maza suna ƙofar gida ko masallaci. Kenan sharaɗin yana iya taɓa mutane da yawa, ba sai wanda jirgi ya hana zuwa ba.

Ango ya kira ni, da yake ni ne na kusa da ita mai karanta takardun hukuma. Ya ce, "Kawu, akwai magana, kuma ban san ta bakin da zan kai ta wurin Alhaji ba." Alhaji shi ne mahaifin amarya. Na ce ya fara ganin wanda ya san dokar tukuna. Kanada ta ƙayyade waɗanda aka yarda su karɓi kuɗi don ba da shawara a kan irin wannan dosiye: lauya mai rijista a can, ko notar na Kebek, ko mai ba da shawara da ke cikin rijistar kwalejin da ke kula da wannan sana'a. Sunayensu suna intanet, ana iya dubawa kafin a biya ko dala. Ya samu wata lauya a Otawa, ya biya kuɗin zama ɗaya.

Tambayarta ta farko ba ta shafi wakili ba. Ta ce wanne ya riga wani, ranar da ya zama mazaunin dindindin ko ranar fatiha? Dalilin tambayar babba ne. Wanda yake da mata a ranar da aka ba shi zaman dindindin, bai bayyana ta ba, ba a duba ta ba, doka ta cire wannan matar daga cikin waɗanda zai iya ɗaukar nauyinsu daga baya. Samarinmu da yawa suna rubuta "ba ni da aure" saboda auren na masallaci ne, bai shiga meri, wato ofishin magajin gari, ba, suna ganin kamar bai shafi Turawa ba. Shi Allah ya taimake shi, takardarsa ta riga auren da watanni. Ta kuma tambaye shi ko yana da wata matar, don Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin biyun yana da igiyar wani a kansa. Ta tambaya ko shi ma ta hanyar aure ya samu tasa takardar, don mai irin wannan sai ya cika shekara 5 kafin ya ɗauki nauyin wata. Duka babu.

Saura maganar auren kanta. Dokar ƙasarmu ta 2019 a kan rijistar haihuwa da aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a kai sanarwa meri. Nasu ya wuce tuntuni, ba a kai ba, don haka sai ta hanyar kotu da shaidu. A nan ne wani mai shiga tsakani a Yamai, wanda wani ɗan uwa ya haɗa mu da shi, ya kawo tasa dabara. Ya ce abu ne mai sauƙi: a nemi hukuncin kotu, shaidu biyu su ce ango yana wurin, ko a mayar da ranar zuwa wani lokaci da ya taɓa zuwa hutu. Ya faɗi kuɗinsa. Wasu a cikin dangi sun karkata, don a ganinsu ba a zalunci kowa ba, tunda auren gaskiya ne. Na ƙi, kuma har yau ina kan ƙin. Fasfon ango yana ɗauke da hatimin kowace shiga da fita, Kanada tana da nata lissafin, takardun albashinsa na watan Agusta suna nuna yana bakin aiki. Hotunan ɗaurin auren suna Facebook, da mutane suna rubuta "Allah ya kawo ango lafiya". In jami'i ya kama bayanin ƙarya, hukuncin shi ne hana mai nema shiga Kanada shekara 5, kuma ita ce mai nema, sunanta ne zai ɓaci. Ga shaidu biyu da za a sa su rantse a kan abin da bai faru ba.

Lauyar ta ajiye masa hanya biyu. Ta farko, su zauna tare wata 12 a jere ba yankewa, sannan ya nema a matsayin abokan zama, rukunin da dokar Kanada ta sani. Wannan na nufin ya bar aikinsa shekara guda, kuma mai zaman dindindin dole yana zaune a Kanada lokacin da yake ɗaukar nauyi, ɗan ƙasa ne kawai aka yarda ya nema daga waje. Ta biyu, ya zo gida su tsaya su biyu gaban jami'in meri a ɗaura auren hukuma, su sa hannu, a gina dosiyen a kan wannan takardar, sannan a bayyana auren masallacin yadda ya faru, da ranarsa da dalilinsa. Ta gaya masa a fili cewa hukunci na hannun jami'in da zai karanta dosiyen, kuma yana iya yin tambaya a kan aure biyu. Ya zaɓi ta biyu.

Kai maganar wurin Alhaji ya fi cike kowane fom wuya. Na same shi bayan la'asar a zaure. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, auren da munka ɗaura gaban liman da jama'ar Annabi, shi za a sake? To da can mi munka yi?" Abin da ke damunsa a fili yake: in an sake, mutane za su ce na farkon bai ɗauru ba, ɗiyarsa ta yi watanni da sunan aure babu aure. Na ce, "Alhaji, ba mai taɓa auren. Amma kar ka ɗauka daga bakina, mu je wurin liman." Liman bai ja maganar ba. Ya ce, "Alhaji, aure ya ɗauru tun ranar da anka shafa fatiha. Tsayawa gaban hukuma bai ƙara mishi, bai rage mishi. Shaida ce ta takarda don yarinya ta iske mijinta, kuma haɗa mata da miji alheri ne." Alhaji ya yarda da sharaɗi: ba kiɗa a meri, kuma waliyyin da ya bayar da ita shi zai tsaya mata shaida. Wannan sharaɗin ya yi mana amfani daga baya, don sunan mutum ɗaya ya fito a aure biyun.

Kafin ango ya iso muka shiga maganar sunaye, wadda na tabbata kowane gida a Nijar yana da irinta. Sunan babanta Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a katin ɗan ƙasa, Mohamed a takardar BEPC. Takardar haihuwar ma ba ta asibiti ba ce, jugement supplétif ce, wato hukuncin kotu mai tsayawa a madadinta, da aka nema lokacin da za ta zauna jarrabawar ƙarshen firamare, an sa mata 1 ga Janairu kamar rabin ƴan ajinsu. Wannan ba ya hana komi, takarda ce ta hukuma. Abin da ke hanawa shi ne saɓani. Muka tsayar da ƙa'ida ɗaya: takardar haihuwa ce uwa, katin ɗan ƙasa ya bi ta, fasfo ya bi su, takardar aure da kowane fom su bi fasfo harafi da harafi. Aka sake katin ɗan ƙasa kafin ta sauka Yamai neman fasfo a DST, ofishin da ke ba da shi. Takardar BEPC kuwa muka bar ta a akwati, tunda jerin abubuwan da IRCC ke nema ga matar aure bai ambace ta ba. Mutane suna son cusa duk takardar da suka mallaka don dosiye ya yi kauri, alhali kowace takardar da ba a nema ba wata ƙofa ce ta sabuwar tambaya.

Ya zo bayan ƙaramar sallah ta 2024, cikin tsananin zafi. Suka tsaya gaban jami'in, suka amsa da bakinsu, suka sa hannu su da shaidu. Muka tabbatar an ɗauki hoto suna sa hannun, da fuskar kowa a fili. Muka karanta takardar auren tun a ofishin kafin a buga hatimi, suna da ranar haihuwa da garin haihuwa, muka karɓi kwafi fiye da ɗaya. A cikin hutun aka yi bikin da aka jinkirta, aka sa lalle, aka kai amarya, suka zauna tare har ya koma. Tikitinsa, da katin shiga jirgi, da hoton shafin fasfo mai hatimin filin jirgin Diori Hamani, duk ya adana.

Tsarin dosiyen ya fara ne da babbar takarda ɗaya da muka rubuta ranaku a jere: yaushe ya tafi, yaushe ya zo hutu, yaushe aka nemi aurenta, ranar fatiha, ranar meri, ranar tarewa, ranar komawarsa. Shi yana da kwafi a Otawa, ita tana da kwafi a Tawa, ba mai rubuta wata rana a fom sai ya duba ta. Aikin kamar saƙar tabarma ne, in kaba ɗaya ta kauce gefen duka ke karkacewa. Daga nan muka bi jerin IMM 5533, wanda shi ne ke lissafa abin da ake so ga miji da mata, muka ba kowane abu lamba da jakarsa a kwamfuta, da suna mai ma'ana maimakon lambobin da waya ke sa wa hoto. Tun Satumban 2022 ta intanet ake miƙa irin wannan dosiye, kuma in wani abu ya yi ƙaranci ana mayar da shi ne gaba ɗaya, a sake shiga layi. Abin da ke tsufa da wuri, kamar kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, da hotunan fasfo, muka bar shi ƙarshe. Kaziye daga kotun yankin da aka haifi mutum yake fitowa, nata a nan Tawa, bai ba mu wahala ba.

Fom biyu sun ci lokaci fiye da yadda muka zata. IMM 5669 yana son tarihin mai nema tun daga shekara 18, ko shekara 10 da suka wuce, wata bayan wata, ba giɓi. Ita a ganinta shekarar da ta zauna gida bayan bak ba abin rubutawa ba ne, haka ma watannin da ta yi a Abijan tana taya yayarta jego. Duka sai da aka rubuta, da adireshi, don zaman wata 6 ko fiye a wata ƙasa yana iya sa jami'i ya nemi takardar ƴan sandan can. IMM 5406 kuma yana son iyaye da ƴan uwa duka, har ƴan uba. Alhaji ya auri mata fiye da ɗaya, akwai ƴaƴan da uwarsu ta fita tun da daɗewa, akwai na Libiya da ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Mahaifiyarta ta ce a sa ƴan ɗakinsu kawai. Na ce, "Yaya, fom ɗin ƴaƴan Alhaji ya tambaya, ba ƴaƴanki ba." Muka bi ɗaki ɗaki da katin kowa. Wanda aka rubuta masa "né vers" a kati, wato ba a san ainihin ranar haihuwarsa ba, yadda yake a katin muka bi, muka yi bayani a takarda ta daban.

Inda al'adarmu ta fi karo da tsarinsu shi ne shaidar cewa auren na gaske ne. Dokarsu ta ba jami'i damar ƙin dosiye in ya ga an yi auren ne musamman don samun takarda, ko zaman ba na gaskiya ba ne. Fom IMM 5532 yana tambaya yadda suka haɗu, wa ya haɗa su, ko akwai dangantaka, wa ya halarci biki, da wane harshe suke magana. An yarda da hoto har 20 da shafi 10 na hirarsu. To ɗiyar Adar da ta tashi da kunya ba ta da hoto ita da saurayi kafin aure. Ba ta faɗin sunansa. A wayarta "Yaya" ta rubuta a kan lambarsa, daga baya ta mayar "Maigida". Wanda bai san mu ba, in ya ga mace tana kiran mijinta Yaya, zai iya fahimtar wani abu daban. Ba mu canza sunan a wayar ba. Muka ɗauki hoton shafin da ke nuna lambarsa ta Kanada a ƙarƙashin sunan, muka yi bayanin al'adar a layi uku. Dangantakarsu ma muka faɗe ta yadda take, auren zumunci ne, manya ne suka fara magana, su kuma suka amince. Dokar Kanada ba ta hana auren ƴaƴan wa da ƙane ba, balle nasu da ya fi haka nisa.

Hirarsu kusan duka saƙon murya ne na WhatsApp, da Hausa. Murya ba ta shiga dosiye. Muka ɗauki jerin kiraye-kiraye mai nuna rana da tsawon kira, daga watanni daban-daban tun kafin aure, da ƴan saƙonnin rubutu da ke akwai. Ba mu zaɓi kalaman soyayya ba, mun zaɓi na zaman duniya: tana gaya masa an kwantar da innarsa, yana tambayar ko albashinta ya fito, suna gardama a kan launin labule. Takardun Nijar da Faransanci suke, ba su buƙatar fassara, tunda Kanada tana karɓar Faransanci da Ingilishi. Amma saƙon Hausa da takardar da liman ya rubuta da Larabci dole a fassara su. Ni da kaina ba ni da damar yi, ko da na iya, don ƙa'idar ta hana mai nema da danginsa, kuma ta ambaci kawu da goggo ƙarara. Sai muka kai wa mai fassara da ya yi rantsuwa a kotu a Yamai. Kuɗin da yake aiko mata a da ta hannun wani ɗan kasuwa suke zuwa, ba rasit. Tun da aka fara maganar dosiye ya koma aikowa ta kamfanin aika kuɗi da sunanta, muka sa ƴan rasit ɗin da suka taru, ba mu ƙirƙiri na baya ba.

A saman wannan duka muka ɗora wasiƙar bayani, shafi ɗaya da rabi, da sa hannunsu su biyu. Ta faɗi ranar fatiha, ta ce ango ba ya wurin, ta faɗi wanda ya wakilce shi, ta kawo ranakun rufe sararin samaniya, aka haɗa da saƙon soke tikitinsa da takardar hutun da wurin aikinsa ya ba shi. Ta ce ba a taɓa kai wannan auren meri ba, kuma auren da suke neman a duba shi ne wanda suka tsaya da kansu. Lauyar ta karanta, ta cire duk wata jimla ta roƙo da magiya, ta bar abin da ya faru kawai.

Kuɗin hukuma a lokacin, bayan ƙarin da aka yi ranar 30 ga Afrilun 2024, dalar Kanada 85 ne na ɗaukar nauyi, 545 na duba dosiye, 575 na haƙƙin zaman dindindin, da 85 na ɗaukar yatsu, jimla 1,290, wato sama da jikka 500 na sefa. Ana sake waɗannan kuɗi lokaci zuwa lokaci, sai a duba shafin IRCC ranar biya. Likita, fassara, fasfo, mota da masauki duk daban suke. Ga mai ɗaukar nauyin matarsa, a mafi yawan lokuta ba a sa wani adadin albashi ba, amma kar ya kasance yana cin tallafin gwamnati na marasa hali, in ba na naƙasa ba. Akwai kuma wani abu da ya kusa shige masa. Ya yi niyyar ƙaura zuwa Gatino, tsallaken kogi daga Otawa, don ya kama gida mai sauƙin haya kafin ta zo. Gatino cikin Kebek take, Kebek kuma tana da nata matakin a kan ɗaukar nauyin iyali, jiranta ya fi tsawo, kuma daga 26 ga Yunin 2024 ta sa iyaka ga yawan dosiyen da za ta karɓa cikin shekara biyu. Ya zauna inda yake a Ontariyo.

Bayan miƙawa aikin ya koma tsaron akwatin imel. Wasiƙar ɗaukar yatsu da hoto tana ba da kwana 30, ta gwajin lafiya ma haka, kuma likitan da IRCC ta amince da shi kaɗai ake zuwa. Ba ɗaya daga cikin biyun da ake yi a Tawa. Daga nan zuwa Yamai kaɗai kilomita 550 ne ko kusa, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a mota, ga neman izini a wurin aiki da wanda zai raka ta. Don haka muka ware kuɗin tafiya tun kafin wasiƙa ta zo. Shi yake duba imel ɗin safe da yamma, don a nan wuta da rezo ba su da tabbas. Sakamakon likita wata 12 yake aiki, abin da ya sa ba mu yi gaggawar yin sa kafin a nema ba. A Janairun 2025, da Nijar ta kammala fita daga CEDEAO aka sanar da fasfon AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, hankalinta ya tashi, ta ce ko sai ta sake fasfo. Sanarwar da kanta ta ce tsofaffin suna aiki har ranar ƙarewarsu. Ba mu taɓa shi ba, don sabon fasfo sabuwar lamba ce da sai an sanar da ofishin da ke riƙe da dosiyen.

Ofishin Dakar ne ke duba dosiyen ƴan Nijar, kuma daga can tambayar da lauya ta yi hasashe ta zo. Jami'in ya nemi ƙarin shaida cewa su biyun suna wurin ranar auren meri, da bayanin matsayin auren farko a wurin hukuma. Amsar tana cikin jaka tun tuni: cikakken kwafin takardar aure mai sa hannunsu, hatimin fasfo, hoton sa hannu, da rubutacciyar shaidar waliyyi wanda ya ga aure biyun da idonsa. Muka aika kafin wa'adin ya cika. Da an ƙi, da yana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 30, tunda daga wajen Kanada aka nema. Ba a kai ga haka ba. Shekara ɗaya da ƴan watanni bayan miƙawa, saƙo ya zo a kai fasfo.

Kafin ta tashi na zaunar da ita na karanta mata takardar alkawarin da mijinta ya sa wa hannu, IMM 1344, wadda ita ma ta sa wa hannu ba tare da ta tsaya a kan kowane layi ba. Ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura da wurin kwananta shekara 3 daga ranar da ta zama mazauniyar dindindin, kuma alkawarin ba ya faɗuwa ko sun rabu. Takardar zamanta tata ce. Sharaɗin da ke tilasta wa wasu zama da wanda ya kawo su shekara 2 an soke shi tun Afrilun 2017, ba mai ikon ƙwace mata takarda don an yi faɗa a gida. Yaron kirki ne, ban zarge shi da komi ba, a gabansa ma na maimaita maganar ta waya. Amma ɗiya ce za ta inda ba uwa ba uba, ya kamata ta san abin da ke hannunta. Ta ce, "Na ji, Kawu." Asalin takardun duka, da na haihuwa da na aure da fassarorin, a jakar hannu ta tafi da su, kwafinsu yana wurina.

Da labari ya bazu a unguwa, wani maƙwabcinmu ya zo da takardun ɗansa yana so a bi masa hanya ɗaya. Da muka jera ranakun, sai ga shi an shafa fatihar ɗan nasa tun yana ɗalibi, shekara guda kafin a ba shi zaman dindindin, kuma a fom ɗinsa ya rubuta ba shi da aure. Zuwa meri ba zai warware wannan ba. Na ce kar su miƙa komi, kar su nemi wata takarda a kotu, ɗan ya kai fom ɗinsa na farko da ranar fatihar wurin lauya a can, ya faɗa masa yadda abin ya faru. Har yanzu suna kan maganar.